Neman salsalar surukai Jamusawa manoma a Missouri: ta ina za a fara?

"Assalamu alaikum. Ni mutumin Katsina ne, amma na daɗe zaune a jihar Missouri ta Amurka. Mai ɗakina Ba'amurkiya ce, iyayenta manoma ne a wani ƙauye yamma da birnin St. Louis, kuma asalinsu Jamusawa ne. Ta wajena ina iya lissafa wa yara kakannina har bakwai da ka, amma ta wajen mahaifiyarsu daga kakan kakanta magana ta tsaya. Abin da dattawan gidan ke faɗi shi ne wanda ya fara zuwa daga Hanover ya taso wajajen 1845, wai a ɓoye ya shiga jirgi, kuma wai a Ellis Island aka canza masa suna. Akwai tsohon Baibul a gidan mai rubutun hannu da babu mai iya karantawa. Na saka sunan gidansu a intanet na ga ɗaruruwan mutane masu irin sunan a Jamus. Ta yaya zan gane namu? Ko in yi gwajin DNA kawai in huta?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya zuriya. In na fahimce ka, so kake ka ƙulla igiya tsakanin gonar surukanka da wani gida takamaimai a Jamus, ta yadda yara za su iya cewa wane ɗan wane ne, an haife shi a wuri kaza, shekara kaza. Wannan aiki ne mai yiwuwa, kuma manoman Missouri na daga cikin waɗanda aka fi samun nasara a kansu. Sai dai ka fara ta inda ya kamata ka ƙare. Sunan gida ba zai kai ka ko'ina ba tukuna. Abu guda da kake buƙata shi ne sunan ƙauyen da tsohon ya fito, kuma mafi yawan lokaci wannan suna yana nan Missouri, a cikin 'yan kilomitoci daga gonar, ba a Jamus ba.

Dalilin da ya sa sai an san ƙauye

A 1845 babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus. Masarautu ne da ƙananan dauloli barkatai: Prussia, Bavaria, Hanover, Württemberg, Baden, Oldenburg, Mecklenburg, Hesse da sauransu, kuma sai a 1871 aka haɗe su. Don haka babu wani babban ofishi a Berlin da za ka rubuta wa wasiƙa ka ce a duba maka sunan wane. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ma sai a watan Oktoban 1874 aka fara ta a Prussia, sannan ta game daular baki ɗaya a farkon 1876. Yankunan yammacin kogin Rhine na cikin waɗanda suka riga saura, saboda mulkin Faransa ya kawo musu tsarin tun ƙarshen ƙarni na 18. Kafin nan fasto ko limamin Katolika na kowace coci shi ke rubuta wanda aka yi wa baftisma, wanda aka ɗaura wa aure da wanda aka binne, a cikin littafin cocinsa. Littattafan nan dubbai ne, kowanne na yankinsa. Wanda bai san ƙauye ba bai san littafin da zai buɗe ba, ko da an ɗora su duka a gabansa.

Shi ya sa ɗaruruwan sunayen da ka gani a intanet ba su da amfani a yanzu, suna ma da haɗari. Na sha karɓar salsalar da wani ya haɗa da kansa, ya ga mutum mai sunan kakansa da shekarar haihuwa kusa da tasa a wani gari, ya ɗauka ya liƙa. Daga nan wasu goma suka kwafa, abin ya zama kamar gaskiya saboda yawan masu faɗa. In ka ga salsala a shafukan nan ba tare da hoton takardar da ta tabbatar da ita ba, ka riƙe ta a matsayin jita-jita.

Labaran da dattawa suka ba ka

Kada ka watsar da su, amma a tace su. Batun Ellis Island dai ba zai yiwu ba: a 1892 aka buɗe wurin, kusan shekara hamsin bayan zuwan tsohon. Ko waɗanda suka bi ta can ma ba a canza musu suna a bakin ƙofa ba, domin jerin sunayen fasinjoji tun daga tashar da jirgi ya taso ake rubuta shi. Suna yakan canza ne a hankali, a hannun magatakardan gunduma da malamin makaranta da mai ƙidaya waɗanda ba su jin Jamusanci: Müller ya koma Miller, König ya koma Koenig ko King, Zimmermann wani lokaci ya zama Carpenter. Wasu gidajen kuma da kansu suka sauya bayan 1917, lokacin da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, aka tsangwami masu jin harshen, coci-coci da makarantu da yawa suka fara barin sa. Saboda haka ka rubuta duk yadda kunnen Bature mai jin Ingilishi zai iya jin sunan, ka nemi kowanne.

Labarin shiga jirgi a ɓoye kuwa, gidaje da yawa suna da irinsa. Abin da na fi samu a ƙarƙashinsa shi ne saurayi ya bar ƙasa ba tare da takardar izini ba don kada a ɗauke shi aikin soja. Ya biya kuɗin jirginsa kamar kowa, hukuma ce dai ya ɓoye wa. Wannan yana da amfani gare ka, domin in haka ne ba za a same shi a cikin takardun neman izinin ƙaura ba, amma ana iya samun sa a jerin samarin da aka kira ba su amsa ba.

Kalmar Hanover ita ce mai nauyi. Mutane da yawa sukan ɗauka birnin ake nufi, su yi ta rubuta wasiƙa can. Wanda ya zo a 1845 ya ce shi ɗan Hanover ne, kusan kullum masarautar yake nufi, ƙasa ce mai faɗi da ta haɗa da yankin Osnabrück da Emsland da Gabashin Frisia da Lüneburg. Manoman da suka cika gundumomin St. Charles, Warren, Franklin da Gasconade da yawansu daga yankin Osnabrück da maƙwabciyarta Westphalia suka fito. Ka duba taswirar Missouri za ka ga garin New Melle, wanda ya ci sunan Melle da ke kusa da Osnabrück, da wani garin mai suna Westphalia a gundumar Osage. Littafin da Gottfried Duden ya wallafa a 1829 yana yabon ƙasar Missouri ya buɗe ƙofa, amma abin da ya kwaso talakawa shi ne wasiƙun 'yan'uwan da suka riga su zuwa.

Aikin da ke ƙofar gidanku

A fara da masu rai, a yi baya mataki-mataki, kowane mataki da takardarsa. Ka zauna da tsofaffin gidan, musamman gwaggwanni, ka ɗauki muryarsu. Kada ka tambaye su "daga ina kuka fito", don amsar da suka saba bayarwa za su maimaita. Tambaye su wace coci kakanni suke zuwa, ina aka binne su, da waɗanne gidaje ake auratayya, wa ke da akwatin tsofaffin takardu, ko an taɓa samun wasiƙa daga Jamus bayan yaƙin duniya na biyu. Bayan 1945 iyalai da yawa a Amurka sun riƙa aika wa danginsu ƙunshin abinci da tufafi, kuma ambulan guda mai adireshi yana iya gama maka aikin.

Baibul ɗin nan ka ɗauki hoton kowane shafi mai rubutu, har da bangon ciki da shafin da ke nuna shekara da garin da aka buga shi. Shekarar bugu tana da muhimmanci: in an buga shi a St. Louis a 1880 amma yana ɗauke da haihuwar 1820, to daga baya wani ya zauna ya rubuta da ka, kuma ana iya samun kuskuren shekara ɗaya ko biyu. Rubutun da ya gagare ku shi ne tsohon salon hannu da ake kira Kurrent. Ba wani abin tsoro ba ne, haruffa ne kawai suka sha bamban: "e" yana kama da "n", "h" dogo ne mai madauki sama da ƙasa, kuma ana ɗora wa "u" 'yar ƙugiya don a bambanta shi da "n". Tauraro a gaban kwanan wata yana nufin haihuwa, gicciye yana nufin mutuwa. In ka ga 7ber kada ka ce Yuli ne, Satumba ake nufi. 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba.

Daga nan sai maƙabarta, da ƙafarka. Hotunan intanet sukan ɗauki gaban dutse kawai, ga shi tsofaffin duwatsun Jamusawa sukan yi dogon bayani. Za ka ga an fara da "Hier ruht in Gott", wato nan wane yake kwance cikin amincin Allah, sai suna, sai "geb." da ranar haihuwa, sai "gest." da ranar mutuwa. Tsakanin waɗannan biyun ake samun zinariyar: ɗan gajeren "zu" ko "in" da sunan ƙauye, wani lokaci har da "Königreich Hannover", wato Masarautar Hanover. Ka je da hantsi ko da la'asar lokacin da haske ke zuwa ta gefe, haruffan da suka lashe sukan fito. Kada a goge dutsen da burushin ƙarfe ko a zuba masa sinadari. Kuma kada ka tsaya kan kabarin naku kaɗai, ka karanta dukan layin tsofaffin kaburbura, zan faɗi dalili nan gaba.

Inda na fi samun sunan ƙauye a aikina shi ne littafin cocin Jamusawa na nan Amurka. Faston da ya rubuta shi Bajamushe ne, ya san bambancin ƙauyen da ƙauyen, kuma ba ya gamsuwa da "Jamus" a matsayin amsa. Shafin ɗaurin aure yakan ce ango wane, ɗan wane, haifaffen ƙauye kaza a ƙarƙashin coci kaza. Shafin jana'iza ya fi daɗi, domin wasu fastocin gajeren tarihin mamaci suke rubutawa: inda aka haife shi, shekarar da ya ƙetaro, wadda ya aura, 'ya'ya nawa suka rage, da shekarunsa har wata da kwana. Sai ka fara gano ɗariƙarsu. In 'yan Luther ne na majalisar Missouri, wadda aka kafa a 1847, cibiyar tarihinsu ta Concordia tana St. Louis. In 'yan cocin Evangelical ta Jamusawa ne, kada sunan da ke jikin allon cocin yau ya ruɗe ka, domin haɗe-haɗen 1934 da 1957 sun mai da su United Church of Christ, kuma ana adana takardunsu da yawa a makarantar tauhidi ta Eden da ke Webster Groves. In Katolika ne, littattafan da Latin suke, Heinrich ya zama Henricus, Johann ya zama Joannes. Sau da yawa dai littafin yana nan a kabad ɗin ofishin cocin ƙauyen, kuma surukarka ce za ta fi ka saurin samun a buɗe mata.

Takardun gwamnati suna taimakawa wajen jera mutane, amma ba kasafai suke ba da ƙauye ba. Ƙidayar jama'a ta 1850 ita ce ta fara rubuta sunan kowane mutum a gida, ban da bayi, tare da ƙasar haihuwarsa. Ta 1860 da ta 1870 sukan ambaci masarauta. A nan za ka ga wani abin da ke rikita mutane: mutum guda an rubuta masa Hanover a 1860, Prussia a 1870, Jamus a 1880. Ba ƙarya ya yi ba, Prussia ce ta haɗiye Hanover a 1866. Ta 1890 gobarar 1921 ta lalata mafi yawanta, ta 1900 kuma tana ba da watan haihuwa da shekarar shigowa Amurka. Takardun shaidar mutuwa na Missouri daga 1910, waɗanda suka haura shekara hamsin, suna kan shafin ma'adanar tarihin jihar kyauta. Ka nemi na dukan 'ya'yan tsohon, ba na wanda kuka fito ta tsatsonsa kaɗai ba, don ɗaya daga cikinsu na iya ba da sunan gidan su mahaifiyarsu daidai. Takardar zama ɗan ƙasa kuwa kada ka sa mata rai da yawa. Kafin Satumban 1906 kowace kotu na iya bayarwa, kuma galibi abin da ke ciki bai wuce cewa wane ya yi watsi da biyayya ga Sarkin Hanover ba.

Tunda manoma ne, ƙasa za ta yi magana. Wanda ya fara sayen fili daga gwamnatin tarayya, a kan dala 1.25 kowace eka a wancan zamani, takardar mallakarsa tana kan shafin hukumar filaye ta tarayya. Sauran cinikin gona da jingina da rabon gado suna kotun gunduma. Ka nemi fayil ɗin gadon duk wani ɗan'uwan tsohon da ya mutu ba ɗa ba jika, domin dole kotu ta lissafa magada, har da waɗanda suka rage a Jamus da garuruwansu. Haka fayil ɗin fansho na yaƙin basasar Amurka, tunda Jamusawan Missouri da yawa sun yi wa ɓangaren Arewa yaƙi. Sai sanarwar rasuwa a jaridun Jamusanci, na gari da na coci irin su Der Lutheraner da Der Friedensbote, waɗanda sukan fi na Ingilishi bayani nesa ba kusa ba.

Maƙwabta

Ga dalilin da ya sa na ce ka karanta dukan layin kaburbura. Manomin Jamus ba ya tashi shi kaɗai ya faɗa dajin da bai san kowa ba. Wani ya riga shi, ya rubuto cewa ƙasa na da arha, ya aiko da kuɗin jirgi ko ya yi alkawarin masauki. Ƙauye guda a Jamus yakan zuba mutanensa cikin ƙauye guda a Amurka shekara da shekaru. Garin New Knoxville na Ohio, alal misali, mutanen Ladbergen ne suka cika shi. Don haka in takardun naku sun yi shiru, ka koma kan waɗanda suka tsaya wa 'ya'yansa a baftisma, da shaidun aurensa, da masu gonakin da ke iyaka da tasa a tsohuwar taswirar filaye, da waɗanda aka rubuta kafin shi da bayansa a ƙidaya. Ka ɗauki gida goma daga cikinsu ka nemo ƙauyukansu. In shida sun nuna coci ɗaya, ka san littafin da za ka fara buɗewa. Na taɓa yin aikin wani gida da babu takarda ko ɗaya da ta wuce "Hanover", amma matar da ta tsaya wa 'yarsu ta fari a baftisma dutsen kabarinta ya faɗi ƙauye. Da aka buɗe littafin can, sai ga shi ita yayar matar tsohon ce.

Jerin fasinjoji ka bar shi sai daga baya. Mutanen yankin nan galibi ta Bremen suke fita, su sauka New Orleans su hau jirgin tururi su bi kogin Mississippi zuwa St. Louis, ko su sauka Baltimore. Abin takaici, hukumomin Bremen sun fara lalata tsofaffin jerin tun 1875 saboda rashin wurin ajiya, yaƙin duniya na biyu ya ƙarasa saura, abin da ya tsira galibi na 1920 zuwa 1939 ne. Na Hamburg yana nan kuma yana faɗin garin da mutum ya taso, amma daga 1850 ya fara. Abin da ya rage maka shi ne jerin masu sauka na Amurka, wanda ake ajiyewa tun 1820, kuma amfaninsa shi ne ka ga da su wa ya zo. Ka tuna kuma da kwalarar 1849 da ta kashe dubban mutane a St. Louis. Zawarawa sun sake aure da wuri, kuma yaran da za ka gani a ƙidayar 1850 da sunan maigida ba lalle ne duka nasa ne ba.

Bayan an ƙetare teku

Da ka samu sunan ƙauye, ka duba shi a kundin garuruwa na Meyers na 1912, yana intanet, zai nuna maka ko akwai garuruwa da dama masu sunan, da ko ƙauyen yana da coci tasa. Ƙananan ƙauyuka da yawa ba su da coci tasu. Littattafan Furotesta da dama suna kan shafin intanet na Archion, ana biyan kuɗi. Na Katolika na Osnabrück da Münster da Paderborn suna kan Matricula kyauta. FamilySearch ma yana da nasa. Ka bincika ko wani ya riga ya haɗa littafin iyalan garin, abin da suke kira Ortsfamilienbuch, inda aka jera kowane gida da 'ya'yansa. Kusan kowane yanki kuma yana da ƙungiyar masu son tarihin gari, yawanci tsofaffin malamai da manoma masu ritaya, kuma da ɗan gari akan ci gari.

A nan ne za ka haɗu da abin da ya fi kayar da masu bincike a wannan yanki, kuma shi ya sa na ce kada ka dogara da sunan gida. A ƙasar Osnabrück da Westphalia da Lippe, suna na gona ne. Ba a raba gona tsakanin magada. Ɗa ɗaya ne ke gaje ta ɗungurungum, a wasu wuraren ma autan ne. In babu ɗa namiji, ko 'ya ce ta gada, mijin da ya aure ta shi ke ajiye sunansa ya ɗauki na gonar, kamar dai sarauta, wanda ya hau shi ake kira da ita. A littafi za ka ga sunansa na haihuwa, sai kalmar "genannt" ko "gen.", wato wanda ake kira, sai sunan gonar. In matar ta mutu ya sake aure, sabuwar matar da 'ya'yanta ma sunan gonar za su ɗauka, alhali babu ɗigon jinin masu sunan na asali a jikinsu. Wanda ya bi suna kawai zai iya hawa sama shekara ɗari biyu yana lissafa mutanen da suka gaji gida ɗaya, ba mutanen da suka haifi juna ba. Maganin abin shi ne a kowane mataki ka nemo shafin aure ka ga wanene ya shigo gidan, miji ko mata.

Akwai kuma yiwuwar cewa tsohon naku ba mai gona ba ne sam. Mafi yawan waɗanda suka bar yankin 'yan haya ne da ake kira Heuerling: ba su da ƙasa, mai gona yana ba su ɗan gida da ɗan fili, su biya da kuɗi da kuma aiki duk lokacin da ya kira. Suna cike giɓi da kaɗi da saƙar lilin a gida, maza kuma su tafi ci-rani Holan yankan ciyawa da haƙar ƙasar da ake ƙonawa a madadin itace. Da yadin masana'antu ya karya kasuwar lilin a shekarun 1830 da 1840, sannan cutar dankali ta biyo baya daga 1845, babu abin da ya rage musu. Ɗan haya yana yawo daga gona zuwa gona, don haka 'ya'yansa na iya warwatsuwa a littattafan coci biyu ko uku na kusa. Fasto yakan rubuta matsayin uba, Colon ga mai cikakkiyar gona, Kötter ga mai ƙarama, Heuerling ga ɗan haya, wani lokaci da lambar gida. Ka kwafe waɗannan duka. Ka kuma shirya wa surukai zuciya, don gidaje da yawa sun taso da labarin cewa kakansu ɗan sarauta ne, ko mai "von" a gaban sunansa irin na masu sarauta. Masu sayar da tambarin gida a intanet da wannan buri suke cin kasuwa. Tambari na wani gida ne takamaimai, ba na duk mai irin sunan ba.

Sunayen yanka ma suna da nasu tarko. Gida guda na iya samun 'ya'ya maza uku duk Johann: Johann Heinrich, Johann Friedrich, Johann Wilhelm. Na biyun ne ake kiran yaro da shi, don haka Henry na Missouri yana iya zama Johann Heinrich a can. In yaro ya mutu, sukan mai da sunansa ga wanda aka haifa bayansa, sai ka duba shafin jana'iza kafin ka ce ka samu naka. Ni ba na amincewa an samu mutum sai abu uku sun dace: cikakkiyar ranar haihuwa ta yi daidai da ta dutsen kabari ko littafin cocin Missouri, sunayen iyaye ko na 'yan'uwa sun dace, sannan mutumin ya ɓace daga littafin Jamus bayan shekarar tafiya, ba aure ba jana'iza. Wani lokaci fasto yakan sauƙaƙa maka da 'yar rubutu a gefen shafi, "nach Amerika".

Iyakar abin, da batun DNA

Ban ga takardunku ba, don haka abin da na faɗa game da Osnabrück hasashe ne bisa inda gonar take da shekarar da aka ba ka. In bincike ya nuna Gabashin Frisia, dokar ta canza, domin can da sunan uba ake kiran ɗa har zuwa dokar Napoleon ta 1811. In kuma wani reshen gidan ya fito daga Pomerania ko Silesia, mafi yawan yankunan suna cikin Poland tun 1945, garuruwan sun canza suna, wasu littattafan sun salwanta a yaƙi, kuma gara ka nemi wanda ya ƙware a can, don aikina ya fi ƙarfi a arewa maso yamma. Ko a inda komai ya tafi daidai, yawancin littattafan ƙauye daga bayan yaƙin shekara talatin na 1618 zuwa 1648 suke farawa. Salsalar ɗan haya takan tsaya wajajen 1700. Ta mai gona na iya wucewa saboda takardun haraji da na iyayen ƙasa. Duk wanda ya nuna maka salsalar manomi da ta kai shekara ta 1200, ka tambaye shi takarda. Neman dangin da ke raye a Jamus kuma wani aiki ne daban, saboda dokarsu tana rufe rajistar haihuwa shekara 110, ta aure 80, ta mutuwa 30, sai ga zuriya ta kai tsaye.

Gwajin DNA ba zai hutar da kai ba. Kason da yake bayarwa, kaza cikin ɗari Bajamushe, kaza ɗan Holan ko Ingila, ƙiyasi ne da kamfanonin ke sauyawa lokaci-lokaci, kuma ba ya faɗin ƙauye. Jamusawan da ke Jamus ba su cika yin gwajin ba, don haka mafi yawan waɗanda za su fito muku a matsayin dangi Amurkawa ne. Ga kuma matsalar ƙauye: gidaje 'yan kaɗan sun yi ta auren juna a Jamus, suka zo Missouri suka ci gaba, sai gwaji ya nuna mutum a matsayin ɗan'uwa na kusa alhali ta hanyoyi huɗu masu nisa kuka haɗu. Gwajin layin maza zalla shi ma yana iya nuna wani suna daban saboda batun sunan gona da na bayyana, ba don wani abin kunya ya faru ba, ko da yake wani lokaci abin kunyar yakan fito, kuma ya kamata a gaya wa duk wanda za a gwada tun kafin ya tofa yawu. Inda yake da amfani shi ne haɗa ku da jikokin 'yan'uwan tsohon da suka zauna Ohio ko Illinois, waɗanda wataƙila akwatin wasiƙun yana hannunsu. In za a yi, kada a fara da yaranka ko mahaifiyarsu. A fara da mafi tsufa a gidan ta ɓangaren da ake nema, da yardarsa, domin kowane mataki da aka sauko rabin abin da ake nema ne ke raguwa.